Wai ɗan Nijar da ke aiki a waje dole ne ya biya lanho a gida?

Mutumin da ya bar Damagaram ya tafi Kano ko Legas ko Sabha ko Jidda ko Faransa, yana aikinshi can yana cin guminshi can, gwamnatin Nijar tana da ikon ta ce ya ba ta wani abu cikin abin da yake samu? In kuma ya turo kuɗi gida, akwai lanho, wato haraji, a kai? Tambayar kenan da ta dawo bakin mutane tun da aka fara maganar sabuwar dokar harajin Najeriya, sai ga labarin Amurka ta sa kashi 1 cikin 100 kan kuɗin da ake turawa waje, ga kuma asusun ceton ƙasa namu na nan gida, duk aka haɗa su aka dama a WhatsApp, a fada kowa da tashi fassarar, wani ya ce daga yanzu duk jakar da ta shigo sai an cire wa gwamnati rabonta, wani ya ce ai ba za a sake sabunta maka paspo ba sai ka nuna takardar biya.

Gajeriyar amsa ita ce Nijar ba ta bin mutum da haraji don kawai yana riƙe da paspo ɗinta. Abu biyu ake dubawa, ina kake zaune, kuma a wace ƙasa kuɗin suka fito. Amma cikin waɗannan biyun akwai wuraren da ƴan bida ke faɗawa ba su sani ba, kuma yawanci ba a kan albashinsu na can ba ne, a kan abin da suka bari a nan ne.

Inda wannan tunanin ya samo asali

Ba laifin mutane ba ne in sun ɗauka haraji yana bin mutum duk inda ya shiga, don haka kakanninmu suka san shi. Zamanin Faransawa kuɗin kai ake biya, a ƙirga mutanen gida a rubuta a takardar maigida, mai gari ko mai unguwa ya tara ya miƙa sama har ya kai ga kumandan, dabbobi kuma jangali. Yaro in ya tafi cin rani sunanshi bai fita daga takarda ba, uban ne zai biya mashi ko ya jira ya aiko. Hasali ma neman kuɗin lanhon nan yana cikin abin da ya riƙa kora samarin ƙasar nan zuwa Kano da zarar an gama girbi, a je a yi dako a yi ga-ruwa a dawo kafin damina da ɗan abin da za a rufe bakin mai karɓa, wasu kuma da suka gaji da lanho da aikin tilas suka tsallaka iyaka suka yi zamansu ɓangaren Ingilishi ba su sake dawowa ba.

Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, aka soke babban kuɗin kai na gwamnatin tsakiya. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙaramin da ake biya wa ƙananan hukumomi, wanda har yanzu masu unguwa da masu gari ke tarawa bisa takardar iyali. Wannan kam in sunanka yana kan takardar gidanku to ana iya ci gaba da ƙirga ka ko kana Tamanrasset, amma ɗan abu ne, ba shi ne ya tayar da hankalin mutane ba. Wanda ake magana a kai harajin samu ne, wato na albashi da riba da kuɗin haya, shi kuma ba kawuna yake ƙirgawa ba.

Hanyoyi uku da ƙasa ke bi ta ce ka biya

Ta farko, inda kuɗin suka fito. Duk abin da aka samu a cikin ƙasa, ƙasar tana da rabonta, ko kai ɗanta ne ko baƙo. Mai yankan tikiti a Kasuwar Dole ai ba ya tambayarka ɗan wane gari ne kai, abin da ya sani ka baza kaya a nan, biya. To haka ƙasashe suke. Ɗan Sin da ke aiki a matatar SORAZ a nan ƙasar yake aiki, ɗan Damagaram da ke aiki a wani kamfani a Abijan kuma Kodebuwa ce za ta yanka a albashinshi.

Ta biyu, zama. In doka ta ɗauke ka a matsayin mazaunin ƙasa, ƙasashe da yawa suna cewa duk abin da ka samu a duniya ka faɗa mana, na ciki da na waje. Wannan ita ce hanyar da kusan duk duniya ke bi, a haɗa ta da ta farkon.

Ta uku ita ce zama ɗan ƙasa, wato paspo kawai ya isa a bi ka. Wannan ita ce wadda mutanenmu ke tsoro, kuma ita ce mafi ƙaranci a duniya.

Amurka da Eritiriya

Amurka ce uwa a wannan fanni. Tun lokacin yaƙin basasarsu a shekarun 1860 suka fara bin ƴan ƙasarsu na waje da haraji, a 1924 kuma kotun ƙolinsu ta tabbatar da cewa gwamnati tana da wannan ikon ko mutum da dukiyarshi duka suna wata ƙasa. Har yau duk mai paspo ɗin Amurka ko katin zama na dindindin, in samunshi ya kai wani mizani, dole ya cika takardar haraji kowace shekara ko a Tanout yake zaune. Ba lalle ya biya komai ba, don ana yafe wani kaso na albashin da aka samu a waje, a 2025 ya kai dalar Amurka 130,000, amma cika takardar dole ne, kuma in kuɗin da ke asusunshi na bankunan waje suka haura dalar Amurka 10,000 sai ya sanar. A 2010 suka ƙara da dokar FATCA wadda ta sa bankunan duniya su riƙa kai rahoton asusun Amurkawa. Boris Johnson, wanda ya yi firaministan Ingila, a New York aka haife shi, yana ƙaramin yaro aka bar Amurka da shi, amma da ya sayar da gidanshi a Landan sai ga Amurka ta biyo shi da haraji, ya biya yana ƙorafi, daga baya a 2016 ya ajiye musu paspo ɗinsu. Wannan ya kamata masu kai mata haihuwa Amurka don yaro ya samu takarda su san da shi, ba kyauta ba ce zalla, da igiya a jikinta.

Eritiriya kuma kashi 2 cikin 100 take karɓa daga samun ƴan ƙasarta na waje tun shekarun 1990, kuma ta ofishin jakadanci take kama mutane, ba ka biya ba to babu sabunta paspo, babu takardar gado ko ta fili a gida. Abin ya jawo mata rigima sosai, a Disamba 2011 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi Allah wadai da yadda ake tilasta wa mutane wajen karɓa, Kanada ta kori ƙaramin jakadanta a 2013, Holand ma ta kori babban jami'in ofishinta a 2018. Ina jin daga irin wannan labarin ne maganar "ba paspo sai da rasit" ta samo tushe, don a Myanmar ma sojoji sun dawo da irin wannan a 2023. Amma Nijar ba a wannan layin take ba. Kuɗin da kake biya a ambasad na katin shaidar zama a waje ko na paspo ko na tambarin takarda, kuɗin aikin da aka yi maka ne, ba a lissafa shi da albashinka.

To wane ne mazauni?

Nan ne maganar take da ɗan wuya. Kowa ya haddace kwana 183, wato in ka wuce rabin shekara a ƙasa ka zama mazauninta. Gaskiya ne ana amfani da wannan lissafin a wurare da yawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Dokar Faransa misali, wadda dokokinmu na ƙasashen renon Faransa suka ɗebo abubuwa da yawa daga gare ta, tana duba inda iyalinka suke zaune, inda babban aikinka yake, da inda akasarin dukiyarka take, ɗaya daga ciki ya isa. Kenan mutum yana iya yin wata goma sha ɗaya cikin watanni goma sha biyu a hanya amma doka ta ce gidanshi inda mata da yara suke.

Sabuwar dokar Najeriya ma haka ta zo. Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yuni 2025 don ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, kuma ta ce mazaunin Najeriya shi ne wanda ya yi kwana 183 cikin wata 12, ko yake da gidan zama na dindindin a can, ko yake da iyali da harkokin kuɗi masu ƙarfi a can. Mazauni kuma ana lissafa mashi duk samunshi na duniya. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25 cikin 100 ga manyan masu samu.

Ka ga wannan dokar ta shafi mutanenmu, amma ba ta inda ake zato ba. Ɗan Magariya ko Matamaye da ya yi shekara ashirin a Fagge yana da shago a Kantin Kwari, da mata da yara a Kano, a idon dokar Najeriya mazauni ne, Najeriya ce ke bin shi, kuma tun da ma can tana bin shi, yanzu dai an ƙara ɗaure igiyar ne da lambar haraji da asusun banki. Ba don shi ɗan Nijar ba ne, don a can yake zaune yake samu. Shi kuma wanda ke shiga ta Dan Barto ya saro kaya ya dawo cikin sati, iyali da shago duk a Zango, wannan mazaunin Nijar ne, lissafinshi da DGI ne, wato hukumar lanho ta ƙasa, da ƴan duwan. Wanda ke tsaka-tsaki, gida nan gida can, mata nan mata can, kuma muna da su da yawa wallahi, shi ne ƙasashe biyu za su iya cewa namu ne a lokaci guda.

Akwai kuma waɗanda ko sun shekara goma a waje gida ke yanka musu, wato ma'aikatan gwamnati da aka tura ofisoshin jakadanci. Albashinsu daga baitulmalin Nijar yake fitowa, yarjejeniyar Vienna ta 1961 kuma ta hana ƙasar da suke zaune ta taɓa shi. Haka wanda wani kamfanin nan gida ya tura aiki na wata biyu ko uku waje, bai zama ɗan waje ba, ITS ɗinshi, wato harajin albashi, yana nan ana cirewa kamar kullum, wanda an daɗe ana yankan shi hawa-hawa daga kashi 1 zuwa kashi 35 cikin 100 gwargwadon girman albashi.

Na Saudiyya da Dubai da Katar fa, inda ba a yankan haraji a albashi? Wasu na cewa tunda can ba su biya ba ai dole su biya nan. A'a. In can yake zaune yake aiki, rashin yankan can bai buɗe wa Nijar ƙofa ba. Kuma ba gaskiya ba ne ma a ce ba sa biyan komai, a Saudiyya harajin saye kashi 15 ne tun 2020, ga kuɗin iƙama, ga riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyali da baƙo ya ajiye. Na Libiya da Aljeriya da ba su da takarda kuwa, abin da ake ƙwace musu a shingaye da gidajen da ake tsare su ba haraji ba ne, kar ma a haɗa.

Abin da ka bari a gida

Nan ne ainihin inda ake samun matsala, kuma shi ne ba a cika magana a kai a fada ba.

Burin kowane ɗan bida ai ɗaya ne, ya samu ya sayi fili, ya gina, ya sa ƴan haya, ya buɗe wa ƙane shago, ya sayi adaidaita ko mota a riƙa kawo balas. To duk waɗannan a ƙasar Nijar suke samar da kuɗi, kuma mun ce inda kuɗi suka fito nan ake biya. Kuɗin hayar gida da na shago akwai haraji a kansu, kuma mai gidan ake bi ba ɗan haya ba, zamanka a Tripoli ko Marseille bai sauke maka shi ba. Shago yana da nashi, ƙananan ƴan kasuwa akwai harajin dunƙule da ake yanka musu a shekara, manya masu lambar haraji ta NIF kuma su yi lissafin riba, ga TVA, wato harajin saye, kashi 19 cikin 100. Mota tana da takardunta na shekara. Sayen fili ko gida in ana so a juya takarda zuwa sunanka akwai kuɗin rajista.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Mutum yana waje, ya damƙa wa yayanshi ko ƙanenshi ko wani amini karɓar haya, babu rubutu don ai kunya ce ka ce ɗan'uwanka ya sa hannu, shi kuma wakilin duk wata yana karɓa yana ba Hajiya na cefane yana biyan kuɗin makarantar yara, ya rage ɗan wani abu ya ajiye ko ya ci, ba wanda ya taɓa tunanin zuwa ofishin lanho, takarda ta zo a ajiye ta ƙarƙashin katifa a ce sai mai gida ya dawo, shekara ta bi shekara ga tara tana hawa, sai ranar da aka zo aka rufe shago ko aka tashi sayar da gidan ko raba gado sannan a ga ashe akwai bashi. A nan ne za ka ji ana cewa gwamnati ta bi ɗan waje da haraji. Ba shi ta bi ba, gidanshi ta bi, kuma da a Garin Malam yake kwana ma haka za ta bi shi.

Wani abin kuma da ya fi wannan ciwo shi ne sayen fili da sunan wani don gudun wahalar takarda. Ka turo kuɗi a saya da sunan ƙanenka, lanhon ma a kanshi zai riƙa fitowa, ka ga kamar ka huta, amma a idon hukuma filin nashi ne, ranar da rai ya yi halinshi ƴaƴanshi ne magada. Alƙalai da malaman da ke raba gado sun gaji da irin wannan shari'ar. Rasit ɗin lanho da ke ɗauke da sunanka shekara bayan shekara yana cikin abin da ke tsaya maka shaida cewa abin naka ne, wannan kaɗai ya isa mutum ya daina ganin biyan kamar asara ce zalla.

Maganar gida da gado dama tana da zafi a ƙasar nan. Ku tuna dokar kasafin kuɗin 2018, yadda batun harajin zama a gida da na gado ya fitar da mutane zanga-zanga, har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na shekarar. Kuma kowace shekara dokar kasafi tana iya taɓa adadin da ake biya, shi ya sa wakilinka ya kamata ya taka da ƙafarshi zuwa ofishin DGI ya ji adadin bana, ba na bakin maƙwabci ba.

Kuɗin da ake turowa

Kuɗin da ɗa ya turo wa uwarshi ko miji ya turo wa matarshi ba albashi ba ne a hannun mai karɓa, ba riba ba ce, taimakon iyali ne, ba a yanka mashi harajin samu. Abin da ake cirewa a Nita ko Al Izza ko Amana ko Western Union kuɗin aikin kamfanin ne, sai kuma abin da canji ya ci, wanda masu turowa daga Najeriya suka fi kowa sanin zafinshi tun da naira ta faɗi. A Najeriyar ma da aka yi ta yaɗa cewa za a yanki kuɗin ƴan waje, Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran harajin, ya sha fitowa yana bayanin cewa kyauta da kuɗin da aka aiko wa iyali ba sa cikin abin da ake yi wa haraji.

Amma in kuɗin da ka turo jari ne aka juya shi aka samu riba, ribar ta shiga lissafi. In kuma kaya ka turo ba kuɗi ba, mota ce ko buhunan kaya ko kwantena, wannan maganar duwan ce, kuma tun ƙarshen Maris 2025 ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, suka sa kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen.

Na Amurka shi ne haraji na gaske a kan turawa, amma Amurka ce ke karɓa ba Nijar ba. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sa kashi 1 cikin 100 daga farkon 2026, da farko ma kashi 5 aka nema aka yi ta ragewa. Kuma ya fi shafar wanda ya kai tsabar kuɗi kanti ya tura, wanda ya tura daga asusun banki ko katin bankin Amurka bai shiga ba. In ka tura dalar Amurka 500 a hannu, 5 ce za ta tafi.

Asusun ceton ƙasa kuma, wato FSSP, da aka kafa a watan Oktoba 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, akwai abin da ake cirewa nan cikin gida kamar sefa 10 ɗin kiran waya da sayen forfe, ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje kuma suka riƙa tara gudummawa suna kaiwa ana nunawa a talabijin. Wanda ya bayar don kishin ƙasa ya bayar, amma rasit ɗin gudummawa ba ya biyan lanhon gidan haya, aljihu biyu ne daban.

Biya sau biyu

In ƙasa ɗaya ta ce a wurina kake zaune, ɗayar ta ce a wurina kuɗin suka fito, kuɗi ɗaya sai a yanke su sau biyu. Don maganin wannan ake ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe, a raba wa ke da ikon yankan me. Yawanci albashi na ƙasar da aka yi aikin ne, kuɗin haya na ƙasar da gidan yake, in kuma duka biyun suka ce kai mazauninsu ne sai a bi mataki-mataki, ina gidanka na dindindin, ina iyali da harkokinka suka fi ƙarfi, ina ka fi zama, sai a ƙarshe a duba paspo.

Tsakanin ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a yammacin Afirka, akwai irin wannan tsari tun 2008, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Ficewar da Nijar ta yi daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ba ta fitar da ita daga UEMOA ba, don haka na Abijan da Lome da Kwatano suna ƙarƙashin wannan inuwar. Najeriya kuwa ba ta cikin UEMOA, kuma a can ne mutanenmu suka fi yawa.

Da Faransa akwai yarjejeniya tun 1965, amma ranar 5 ga Disamba 2023 Nijar da Mali suka fitar da sanarwa tare cewa sun soke tasu, bayan Burkina ta riga su a watan Agusta. Hujjarsu ita ce yarjejeniyar ta karkata gefe ɗaya, kamfanonin Faransa ke cin moriyarta baitulmalinmu yana asara, kuma a ganina akwai gaskiya a wannan, don kuɗin da ke fita daga nan zuwa can a matsayin riba da kuɗin kwangila ya fi wanda ke shigowa nesa ba kusa ba. Sai dai ƙaramin mutum ma ya ji a jikinshi. Ɗan Nijar mazaunin Faransa mai gidan haya a Damagaram, ko dattijon da ya yi aiki can ya dawo gida yana karɓar fansho, yanzu babu takardar da ta raba musu gardama tsakanin ƙasashen biyu, kowace tana bin dokarta.

A sa musu ko kar a sa?

Masu cewa a sa wa ƴan waje wani abu ba su rasa hujja ba. Ƙasa ta koyar da likita ko injiniya da kuɗin talaka, daga firamare har jami'ar Abdou Moumouni, ya gama ya tafi yana yi wa wasu aiki, asibitin Damagaram kuma babu isassun likitoci. Tun a farkon shekarun 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Jagdish Bhagwati, ya kawo shawarar a riƙa yankar wani kaso daga irin waɗannan ƙwararru a mayar wa ƙasashensu. Suna kuma cewa ai ana kiran ƴan waje jiha ta tara, kafin juyin mulki ma kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki nasu ne, to mai kujera ai ya kamata ya sa hannu a aljihu.

Ni dai ban ga ta inda zai yi aiki a nan ba. Ƴan wajenmu akasarinsu ba likitoci ba ne, masu gadi ne da masu shayi da ƴan dako da leburorin gini da mata masu aikatau, babu takardar albashi balle a san kashi nawa za a yanka. Hanya ɗaya da ta rage ita ce ta Eritiriya, a tsare mutum a ƙofar ambasad, sakamakon kuma mutane su daina zuwa yin rajista, su daina turo kuɗi ta hanyar da ake gani su koma ba direbobi da ƴan kasuwa a hannu. Filifin, wadda ta fi mu ƴan ƙwadago a waje nesa, ta taɓa yankan wannan harajin ta bari a gyaran dokarta na 1997. Kuma kuɗin da suke turowa ai ba sa tsira, buhun siminti da kwanon rufi da katin waya da litar mai duk akwai rabon gwamnati a ciki, ga shi su ne ke riƙe gidaje da yawa a Kantche da Mirriya da Dungas lokacin da rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi.

Ranar dawowa

Mai shirin dawowa gida gaba ɗaya, tun yana can ya kamata ya rufe lissafinshi da ƙasar da ya zauna, musamman Turai da Amurka inda ba sa mantawa, ya karɓi takardun da ke nuna ya biya, ya adana takardun albashi don maganar fansho. Ya je ofishin jakadancin Nijar ya nemi takardar sauya mazauni, don da ita ce ƴan duwan ke bambanta kayan gida da mutum ya daɗe yana amfani da su da kayan sayarwa. Katifarka da tukwanen matarka da tsohuwar talabijin daban, firij goma sababbi cikin kwali daban, waɗannan ko ka ce tsaraba ce kuɗin duwan za a yanka musu. Daga ranar da ya sauke kaya ya zauna kuma ya koma mazaunin Nijar, shagon da zai buɗe a Sabon Gari da sunanshi za a rubuta shi a ofishin lanho, ba da sunan ƙanen da ya riƙe mashi ba.